TSOHON TEBUR, SABUWAR KANTA

Ina yi muku barka da ƙoƙari, ku da kuka zauna da girmanku kuka koyi karatu da rubutu. To, mutum in ya iya karatu, sai ya ga takardu sun fara taruwa a ɗakinsa. Ga littafin da ya ke karantawa, ga takardar gona, ga takardar haihuwar yara, ga katin asibiti, ga rasit na kayan da ya saya. Kai mai karanta wannan, ina tambayarka, ina ka ke ajiye naka? Da yawa a ƙarƙashin tabarma su ke turawa, ko su zuba a kwali su aje a ƙasa. Damina na zuwa danshi ya kama su, gara ta hau, ɓera ya yi sheƙa da saura. Ran da aka nemi takardar gona a gaban alƙali, sai a tarar ta zama ƙasa.

Ga kuma wani abu. Da wuya ka shiga gida ba ka ga teburin da ƙafarsa ta karye ba, ko kujerar da ta ɓalle, ko tsohon kabad da aka jingine bayan ɗaki, rana na dukansa, ana jiran ranar da itace zai ƙare a faskara shi a kai murhu. Maganata ta yau ita ce a haɗa waɗannan abubuwa biyu. Katakon da ka ke shirin ƙonawa shi zai ɗauke maka takardunka daga ƙasa, in ka mai da shi kanta ka kafa a bango. Aikin ba shi da wuya, kuma ba sai kafinta ba. Amma yana da ƙa'idodi, wanda ya tsallake su kuwa kantarsa za ta faɗo, watakila a kan ɗansa.

DALILIN DA TSOHON KATAKO YA FI SABO

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Katako ma haka ne, saboda dalili biyu.

Na fari, bushewa. Itace in an sare shi cike ya ke da ruwa. Yana bushewa yana tsukewa, ya murɗe, wani lokaci ya tsage. Shi ya sa za ka sayi sabuwar ƙofa da damina ta zauna daidai, hunturu na busawa ka ga haske na shigowa ta tsakanin katakanta. Teburin da ya shekara talatin a ɗaki kuwa ya riga ya bushe, rawarsa ta ragu. 

Na biyu, irin itacen. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, katakon kurmi ya sami hanyar shigowa Arewa, aka riƙa yin tebura da bencina da ƙofofi da itatuwa masu nauyi irin su loko, wanda 'yan kudu ke kira iroko, da maɗaci. Irin waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci. Madobiya, da aka yi ta sara ana lodawa zuwa ƙasar Sin, sai da ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a 2016 suka sa ta cikin itatuwan da ba a fita da su sai da takardar izini. A 2022 kuma, a taron Panama, aka ƙara da maɗaci da kawo. Ka ga ashe tsohon teburin kakanka ba tarkace ba ne. Abin da ke jikinsa, ko da kuɗinka ba kullum za ka same shi a kasuwa ba.

WANDA ZA KA ƊAUKA DA WANDA ZA KA BARI

Ba kowane tsohon katako ke da amfani ba. Ka gwada shi ta hanya uku.

Ka ƙwanƙwasa shi da guduma. In ya yi ƙara mai ƙarfi, lafiya. In ya yi sauti kamar ganga, gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo, gama ita gara ba ta son haske, daga ciki ta ke ci.

Ka soka masa tsinin wuƙa, musamman ƙafafu da gefen da ya daɗe a ƙasa. In wuƙa ta shige kamar cikin dafaffen rogo, ya ruɓe. Ka yanke wurin ka yar, ka yi aiki da inda ya rage da ƙarfi.

Ka duba ƙananan huji kamar na allura. In ka buga katakon gari ya zubo daga cikinsu, ƙwaro na nan da rai yana ci. Irin wannan sai an yi masa magani kafin ya shiga ɗaki.

Akwai kuma wani iri da ya kamata ka sani. Yawancin kabad da gadaje masu sheƙi da a ke yi wa amare ba katakon itace ba ne. Dusar katako ce aka kwaɓa da gam aka danne da inji, aka manna mata leda mai ado. Ka dubi bakinsa inda aka yanka, za ka ga kamar ƙuli-ƙuli. Ruwa na taɓa shi ya kumbura, ba ya riƙe ƙusa, kuma in ya daɗe da kaya sai ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. In shi kaɗai gare ka, ka yi gajeriyar kanta da shi, ta kayan da ba su da nauyi, nesa da randa.

WARWAREWA DA TSABTACEWA

Kayan aikin ba su da yawa: guduma, zarto, filaya, sukudireba, abin awo, fensir, da samfefa, watau takardar nan mai yashi ta goge katako. Abin da ba ka da shi ka ara wurin maƙwabci. Awon da zan yi amfani da shi na kafintoci ne, inci da ƙafa. Inci 12 shi ne ƙafa ɗaya, ƙafa ɗaya kuwa kimanin santimita 30 ce.

Kada ka fyaɗa tebur da ƙasa don ya warware. Ka sa guntun katako a kan gaɓar, ka riƙa bugun guntun a hankali har gaɓar ta saki. Kowace ƙusa ka cire ka jefa a gwangwani nan take. Yara ba takalmi su ke yawo a tsakar gida, tsohuwar ƙusa kuwa in ta soki ƙafa ta kan shigar da ƙwayar cutar tetanus, wadda ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ita ce mai sandare jiki da muƙamuƙi. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin da sabulu ya tafi asibiti ran nan, kada ya jira.

In katakon daga gado ya fito, ka sani kuɗin cizo cikin gaɓoɓi ya ke ɓuya ya yi ƙwai. Ka kwarara tafasasshen ruwa a kowace gaɓa da kowane tsagi, ka shanya. Ƙwaron da ke huda katako shi ma zafi ke kashe shi. Ƙa'idar da ƙasashen duniya ke bi ga katakon ɗaure kayan jirgi ita ce zafi ya kai digiri 56 har cikin tsakiyarsa, ya yi minti 30 a haka. Kai ba ka da tanda, amma kana da ranar bazara. Ka naɗe katakon cikin baƙar leda, ka ɗora a kan kwano ko dandamalin siminti kwana da yawa, kana juyawa. Bayan haka ka jingine shi a kan farar takarda mako guda. In ba gari ya zubo ba, madalla. In ya zubo, ka shafa masa maganin katako irin na kanti, kamar Solignum, a fili inda iska ke kaɗawa, ka bar shi ya bushe sarai. Baƙin man mota da wasu ke shafawa, ka bar shi ga dirkar rumfa. Yana ɓata takarda, kuma bai kamata ya kusanci abinci ba.

Yanzu ga maganar da na ke so ka riƙe da kyau, maganar tsohon fenti. Fenti mai yawa na dā da dalma a ke haɗa shi. Amurka ta hana irinsa a gidaje tun 1978, amma wasu ƙasashe sun daɗe bayan haka suna sayar da shi, kuma ido ba ya bambance mai dalma da marar ita. Dalma guba ce, ta fi cutar da ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarnar kuwa ba ta gyaruwa. A 2010 ƙurar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Waccan daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta ma ɗaya: ƙura a hannun yaro, hannu a baki. Saboda haka in fentin bai ɓare ba, kada ka tone shi, ka wanke ka shafa sabo a kai. In yana ɓarewa, ka fita da shi waje, ka shimfiɗa leda, ka jiƙa shi da ruwa ka kankare a jiƙe, kada ka goge shi a bushe, kada kuma ka babbaka shi da wuta. Yara da mace mai ciki su yi nesa. Ka tattara abin da ya zuba ka ƙulle, ka wanke hannu da rigarka. Guntayen da suka rage masu fenti kada a ba mata su hura wutar girki.

KANTA TA FARI: DUROWA

Mai koyo ya fara da durowa, gama kafinta ya riga ya yi masa rabin aiki. Ka zare durowa daga tsohon tebur ko kabad, ka jingina gindinta a bango, bakinta na dubanka. Ka ga ta zama ƙaramin akwati mai gefe huɗu. Ana ɗora kaya a cikinta, ana ɗorawa a samanta.

Sai dai ga inda mutane ke kuskure. Gindin durowa siririn katako ne, zura shi kawai aka yi cikin tsagi. In ka buga ƙusa ta cikinsa kaɗai, ran da kaya suka yi nauyi akwatin zai zame ya bar gindin manne da bango. Abin yi, ka yanko sanda mai kaurin inci 1, faɗin inci 2, tsawonta daidai da cikin durowar. Ka sa ta ciki, a kusurwar sama, manne da gindi. Ka ɗaure ta da sukuru ta sama da ta gefe biyu. Ta cikin wannan sanda za ka kafa durowar a bango, ita ce za ta ɗauki nauyi. In durowar mai zurfi ce ka sa mata katako a tsakiya, ta zama hawa biyu.

KANTA TA BIYU: DOGUWA

Fuskar tebur, ko ƙyauren kabad, ko dogon katakon gefen gado, su ne na doguwar kanta. Faɗin inci 8 ko 9 ya ishi yawancin littattafai. Kada ka yi kwaɗayin faɗi. Iyakar nisan kaya daga bango, iyakar ƙarfin da su ke fizgar ƙusar sama. Ka riƙe bokitin ruwa kusa da jikinka, sa'an nan ka miƙe hannu da shi, za ka gane abin da na ke nufi.

Ka yanka katakon yadda tsawon kantar zai bi tsawon jijiyar itacen. In ka gitta jijiya, zai karye kamar rake.

Abin da zai tallafe ta madogarai ne, ƙafafun kujera kuwa sun dace da wannan. Kowane madogari sanda uku ne: ɗaya a tsaye manne da bango, ɗaya a kwance ƙarƙashin kanta, ɗaya a karkace tana tokare su. Ta tsaye kada ta gaza ta kwance tsawo, in ta fi ta ma ya fi kyau. Ga yadda za ka san kusurwa ta tsaya daidai ba tare da kayan kafinta ba. Daga kusurwa ka auna inci 6 a kan sanda ɗaya ka sa alama, ka auna inci 8 a kan ɗayar ka sa alama. In tsakanin alamun biyu inci 10 ne cif, kusurwarka ta yi. Magina sun daɗe da sanin wannan lissafi.

Tsohon katako mai tauri ya kan tsage in an buga masa ƙusa kusa da baki. Ka fara huda shi da abin huji siriri, ko ka dakusar da tsinin ƙusar da guduma kafin ka buga. Sukuru kuwa ka goga masa kyandir, zai shiga ba gardama. In loko ka ke yanka ka ɗaure hanci da ƙyalle, ƙurarsa na sa tari da ƙaiƙayi.

Nawa ne nisan da za a bari tsakanin madogarai? Takarda ta fi yadda ka ke zato nauyi. Jerin manyan littattafai mai tsawon ƙafa ɗaya ya kan kai kilo 9. In katakon itace ne mai kaurin inci ɗaya ba kwata, kada tsakani ya wuce inci 30. In na dusar katako ne, kada ya wuce ƙafa 2. Kada ka ce bari in ƙara kaɗan don in rage madogari ɗaya. In ka ninka nisan sau biyu ka cika kantar da littattafai, lanƙwasar ba sau biyu za ta ƙaru ba, sau 16 ce. In katakonka siriri ne, ka kafa masa sanda a tsaye a bakin gaba, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Za ta ƙarfafa shi ƙwarai, ta kuma rufe bakin da zarto ya ci.

BANGO SHI NE UBAN TAFIYA

Kome kyan kanta, ƙarfinta bai wuce ƙarfin abin da ya riƙe ta ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In gidan haya ka ke, ka nemi yardar mai gida kafin ka huda masa bango.

Bangon bulo na siminti ba cike ya ke ba, kowane bulo na da rami a ciki. Ka ƙwanƙwasa ka nemi inda ya yi ƙarar cikakke. Ka huda, ka cusa ɗan toshin roba da a ke sayarwa tare da sukuru, ko ka fere busasshen itace mai tauri ka buga ya cika hujin, sa'an nan ka ɗaura sukuru mai tsawon inci 3 a ciki. Kowane madogari sukuru biyu aƙalla, na sama shi ne mai aiki. In akwai lantarki a gidan, kada ka huda daidai saman makunni ko soket, ko daidai ƙasansu, ko daidai gefensu, gama nan waya ta kan bi.

Bangon ƙasa kuwa ba ya riƙe ƙusa. Yau ta kama, gobe ƙasar ta marmashe ta sake ta. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suka riƙa barin alkuki tun wajen gini don aje fitila, suka kuma rataye ƙwarya a ragaya daga rufi. Mu ɗauki darasinsu. Kantar kaya marasa nauyi, ka fere turaku biyu na itace mai tauri kamar kirya, ka kafa su cikin bango zurfin inci 6 ko fiye, bakinsu na ɗan duban sama, ka cike gefensu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ka bari ta bushe kafin ka ɗora katako. Kantar littattafai kuwa kada ka ɗora wa bango nauyinta. Ka tsai da sanduna biyu daga ƙasa, irin dogayen katakan gado, ka ɗora gindinsu a kan dutse ko bulo, ka kafa madogarai a jikinsu. Ƙasa ta ɗauki nauyi, saman sandunan kuma ka ɗaure shi da azara ko da turaku, don kada su kifo gaba.

A bangon ƙasa ka bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin kanta da bango, kada kuma littafi ya jingina da shi. Gara ta cikin bango ta ke tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane wata, balle da damina, ka leƙa baya. In ka ga siririyar hanyar ƙasa ta hau, ka rushe ta, ka bi ta har inda ta fito.

Don kanta ta miƙe ba karkata, ka kafa madogari ɗaya tukuna. Ka sami siririn tiyo mai haske irin na magina, ka zuba ruwa, ka riƙe baki ɗaya daidai saman madogarin, wani ya riƙe ɗayan a inda na biyu zai zauna. Inda ruwa ya tsaya a nan, nan ya ke tsayawa a can. Ka sa alama. In ba tiyo, ka ɗora faranti da ruwa a kan katakon, ka ɗaga ko ka sauke har ruwan ya daidaita da bakin farantin ko'ina. Bayan haka ka ɗaure katakon da madogaransa da sukuru, kada ka aza shi kawai.

WURI DA GWAJI

Kada ka kafa kanta daidai kan gado ko inda yara ke kwana. Kada ka kafa ta saman murhu ko fitila, ko inda rufi ke yoyo. Kantar magani, da maganin ƙwari, da kananzir, da reza, ta yi sama da ƙafa 5 daga ƙasa, kuma kada a bar turmi ko kujera a ƙarƙashinta, gama yaro da ya ga abin takawa zai hau. Maganin gona kada ya zauna kanta ɗaya da abinci ko maganin sha.

In ka gama, kada ka ɗora kayanka nan da nan. Ka kawar da yara, ka ɗora abin da ya fi kayan nauyi, kamar jarkar ruwa ko buhunan yashi ƙanana, ka rarraba su, ka bari su kwana. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lissafin ba wuya. Da safe ka duba. In ka ga madogari ya rabu da bango ko da kaurin farce, ko gari na zuba daga huji, ka sauke ka sake kafawa. In ba abin da ya motsa, to, ka jera kayanka, masu nauyi kusa da madogarai, marasa nauyi a tsakiya. Takardun da ba su da madadi, irin ta gona da ta gida, ka sa su cikin leda ko gwangwani mai murfi kafin ka ɗora.

To, jama'a, iyakar abin da na ke da shi ke nan. Kowa in ya koma gida ya zaga bayan ɗaki ya dubi abin da ke jingine, ya ƙwanƙwasa shi, ya soka masa wuƙa. Wanda ya yi tasa ta tsaya, ya nuna wa maƙwabcinsa, ya kuma kira ɗansa ya riƙe masa abin awo, don ya koyi karanta inci tun yana yaro. Allah ya ba da sa'a, ya kiyaye mu da iyalanmu. Wassalam.